Waiwaye: Yadda Ashwagandha Ya Tashi Daga Hannun Masu Maganin Indiya Zuwa Kasuwannin Duniya

Ashwagandha ɗan gajeren tsiro ne daga dangin gauta da tumatir, wanda masana tsirrai ke kira Withania somnifera, kuma yana fitowa a busassun yankunan Indiya da Gabas ta Tsakiya da sassan Afirka. Mutane sun daɗe da saninsa, domin an samu jajayen 'ya'yansa a cikin sarƙoƙin furanni da aka haɗa don jana'izar Fir'auna Tutankhamun a Masar, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Amma a Indiya ne ya samu matsayi na musamman a fannin magani, kuma daga can ne labarinsa na yau ya samo asali.

A tsarin maganin gargajiya na Ayurveda, wanda tsofaffin littattafai irin su Charaka Samhita da Sushruta Samhita suka kafa harsashinsa, ana lissafa ashwagandha cikin magungunan da ake ba mutum domin ya farfaɗo ya samu ƙarfin jiki. Saiwar ce ake nema. Ana haƙo ta a shanya ta bushe, a daka ta zama gari, sannan a dama da madara mai ɗumi, ko a gauraya da man shanu ko zuma. Tsofaffin da jikinsu ya yi rauni, da yaran da suka rame, da wanda ya tashi daga doguwar jinya, da mai fama da rashin barci ko ciwon gaɓoɓi, da magidancin da ke kukan raunin mazakuta, su ne aka fi ba wa. Ganyen kuwa, mai tsananin ɗaci, an fi sanin sa da ɗorawa a kan kumburi da maruru. Hakiman tsarin Unani, wanda ya bunƙasa a hannun likitocin Musulmi, su ma sun yi aiki da saiwar da sunan asgand, kuma wadda ake dangantawa da Nagaur a jihar Rajasthan ta yi suna wajen kyau. Abin lura a nan shi ne, mai magani yakan duba wanda ke gabansa, shekarunsa da yanayin jikinsa da abincinsa, kafin ya yanke yawan abin da zai sha da tsawon kwanakin da zai yi yana sha.

Masu binciken kimiyya sun shigo daga baya. A 1965 aka bayyana tsarin sinadarin withaferin A, ɗaya daga cikin sinadaran da ake danganta aikin tsiron da su. Kasuwa kuma ta buɗe sosai bayan 1994, lokacin da Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoni damar sayar da irin waɗannan kayayyaki a matsayin ƙarin abinci, ba tare da sun fara tabbatar da amfaninsu kamar yadda ake yi wa magungunan asibiti ba. Manoman Neemuch da Mandsaur a jihar Madhya Pradesh suka zama masu ciyar da masana'antu, gwamnatin Indiya kuma ta kafa ma'aikatar Ayush a 2014 domin kula da magungunan gargajiya da tallata su.

A wannan tafiya ne abin da ake sha ya canza. Garin saiwa da ake damawa da madara ya koma tataccen sinadari a cikin kafso da alewa, wani lokaci har da ganye a ciki, ana tallarsa a intanet ga duk mai jin gajiya ko damuwa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna alamar yana rage damuwa yana kuma taimaka wa barci, sai dai yawancinsu ƙanana ne, na makonni kaɗan, kuma ba su amsa tambayar abin da ke faruwa da mai sha na tsawon shekaru ba. A ganina, kuskure ne babba a ɗauki daɗewar amfani da saiwar a matsayin shaidar lafiyar wannan sabon samfuri, tunda ba shi magabata suka sha ba, ba kuma haka suka sha ba.

Koke-koke sun biyo baya. A 2020 likitoci suka wallafa rahoton mutum biyar a Iceland da Amurka waɗanda hantarsu ta taɓu bayan sun sha kayan da ke ɗauke da ashwagandha. Denmark ta haramta sayar da shi a 2023, bisa nazarin Jami'ar Fasaha ta ƙasar wanda ya nuna fargaba kan tasirinsa ga sinadaran jiki (hormon) na thyroid da ke maƙogwaro da na haihuwa, da yiwuwar zubar da ciki. A 2024 hukumar kula da magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi kan hanta, yayin da cibiyar tantance haɗari ta Jamus ta shawarci masu juna biyu da masu shayarwa da yara da masu ciwon hanta su nisance shi. Indiya ba ta amince da hukuncin Denmark ba. Ma'aikatar Ayush ta soki nazarin da cewa bai tsaya kan hujjoji masu ƙarfi ba, kuma masana na ɓangarenta sun ce an cakuɗa sakamakon saiwa da na ganye da sauran sassan tsiron, alhali saiwar ce Ayurveda ta sani a matsayin abin sha.