Neman Sana'a a Harkar Bulokcen da Kirifto a Legas: Tambayoyin da Matasanmu Ke Yi

Tun da aka gane cewa aikina ya shafi kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, na daina shan shayi cikin natsuwa a Agege. Da na zauna a benci sai wani ya matso da wayarsa, a gaisa a gaggauce, sai tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, ko a Agege ko a Idi-Araba ko a Obalende, shi ya sa na tattara su nan tare da amsar da nakan bayar.

Yaya, ni fa na daɗe a harkar, tun zamanin Notcoin da Hamster nake danna waya. Wannan bai isa a ce ina da sana'a ba?

Bai isa ba, ƙanena. A 2024 babu majalisar da za ka shiga ba ka ga yatsu suna rawa a kan gilashin waya ba. Da Hamster Kombat, wasan Telegram da ake dannawa don a sami kyautar kirifto, ya yi rabonsa a watan Satumba na shekarar, mutane da yawa da suka kwashe watanni suna dannawa sun tashi da abin da bai biya kuɗin datarsu ba. Ba na cewa ka yi asara gaba ɗaya. Ka koyi buɗe walet, wato asusun ajiyar kirifto, ka san adireshin da ake tura kuɗi, wataƙila har ka ɗanɗani zafin tura tokin, wato kuɗin kirifto, ta hanyar da ba tasa ba. Amma sana'a ita ce abin da wani zai biya ka saboda ka iya shi, ko farashi ya hau ko ya faɗi. Jiran rabo daban, sana'a daban.

To shi bulokcen ɗin mene ne, a yaren da zan gane?

Ka ɗauki littafin uwar adashi. Ita kaɗai ke riƙe da shi, in ta goge layi ɗaya sai dai a yi ta rantse-rantse. Yanzu ka ƙaddara kowane ɗan adashi yana da kwafin littafin, kuma kowane sabon shafi yana ɗauke da hatimin shafin da ya gabace shi. Wanda ya taɓa tsohon shafi ya ɓata hatimin duk na bayansa, sauran kwafin kuma su ƙaryata shi. Wannan shi ne bulokcen.

Wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ne ya fitar da bayanin tsarin a Oktoban 2008, Bitcoin ya fara aiki a Janairun 2009. Kusan kowane minti 10 ake ƙara shafi, kuma adadin Bitcoin ɗin ba zai taɓa wuce miliyan 21 ba. A 2015 Vitalik Buterin da abokansa suka ƙaddamar da Ethereum, wanda ya ba da damar a rubuta yarjejeniya mai zartar da kanta: in sharaɗi ya cika kuɗi ya tafi, babu dillali. Yawancin aikin masu rubuta manhaja a wannan fanni a nan yake.

Abin da ya fi yawo a hannun 'yan kasuwarmu kuwa shi ne USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Mai shigo da kaya daga Sin yana neman hanyar biyan kuɗi da wurin ajiya da ba ya narkewa. Kamfanin Chainalysis ya sa Najeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2024, da hada-hadar kusan dala biliyan 59 a shekara guda.

Dole sai na iya rubuta manhaja kafin a ɗauke ni aiki?

A'a, kuma a nan nake son mu daɗe, domin nan mutanenmu ke raina kansu.

Masu rubuta manhaja su ne aka fi ji, kuma su aka fi biya. Suna aiki da yaren Solidity a kan Ethereum, ko Rust a kan Solana, wani bulokcen daban. Sama da su akwai masu bin diddigin kurakurai kafin ɓarayi su gano su. Aikin nan yana da tsada saboda kuskure ɗaya na iya kwashe dukiyar gari: a Fabrairun 2025 an sace kirifto na kusan dala biliyan 1.5 daga kasuwar Bybit a tashi ɗaya.

Amma kamfanin kirifto kamfani ne kamar kowane. Yana bukatar mai amsa koken abokan ciniki, wanda zai kwantar da hankalin mutumin da ya tura kuɗi bai ga alat ba da ƙarfe biyun dare. Yana bukatar mai tantance masu buɗe asusu, ya duba NIN da BVN, ya lura da kuɗin da ke da warin sata ko halasta haram. Wannan sashe yana ƙara girma tun da hukuma ta fara sa ido, kuma wanda ya karanta lauya ko akanta ko ya taɓa aikin banki yana da rabin hanya. Akwai mai kula da zaurukan Telegram da Discord, mai zane, mai rubutu, mai nazarin alƙaluma da SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta.

Sai kuma jarin da kake yawo da shi ba ka lissafa ba: Hausa. Kamfanonin nan ofisoshinsu na Lekki ne da Victoria Island da Yaba, amma masu amfani da manhajarsu sun kai Kano da Sakkwato da Maiduguri, har Nijar da Ghana. Wanda zai iya fassara manhaja, ya yi bidiyon bayani, ya amsa wa ɗan kasuwar Kwari tambaya a harshensa ba tare da ya yaudare shi ba, ba shi da yawa. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai Hausa ita kaɗai ba za ta kai ka ba, sai ka haɗa da Turancin rubutu mai tsafta, domin da shi za ka yi wa shugabanka rahoto.

Haka 'yan canjinmu na Broad Street da Allen. Sanin farashi, riƙon amana, gane mai gaskiya daga muryarsa, duk sun gaje su. Teburin manyan cinikayya a kamfanin kirifto wannan aikin ne aka sa masa kwamfuta.

Ta ina zan fara? Ba ni da kuɗin makaranta.

Kwamfutar cinya tukuna. Da waya za ka iya karatu da kallon darasi, amma ba za ka yi nisa a rubuta manhaja ba. Ta hannu mai kyau tana samuwa a Computer Village da ke Ikeja. Ka tafi da wanda ya sani, a duba batir a gabanka, domin a Legas batir shi ne rabin kwamfuta.

In hanyar manhaja ka zaɓa, kada ka faɗa wa Solidity kai tsaye. Ka fara da HTML da JavaScript, freeCodeCamp kyauta ne. In hannunka ya faɗa sai ka koma Solidity, ka buɗe Remix, shafin rubuta Solidity, a burauza, ka rubuta ƙaramar yarjejeniya ka ɗora ta a Sepolia, wato filin gwaji na Ethereum inda kuɗin wasa ake amfani da shi. Gina abin da ka sani: adashin mutum goma, ko asusun gidauniyar masallaci da kowa zai ga shige da fice. Ka ajiye komai a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu kowa ya gani. A wannan fanni an fi tambayar abin da ka gina fiye da takardar da ka riƙe. A ganina, mai ba shi awa biyu zuwa uku kullum ya sa ran wata shida zuwa shekara kafin ya fara neman aiki da fuskarsa a sake. Wanda ya ce zai mayar da kai gwani a mako biyu kuɗinka yake so.

A nan Legas akwai Web3Bridge, da ke horar da masu rubuta manhajar bulokcen tun 2019, akwai kuma shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023 don koyar da sana'o'in fasaha. Shi ministan yana cikin waɗanda suka kafa CcHub a Yaba, wurin da Mark Zuckerberg ya ziyarta a 2016. Ka riƙa halartar tarukan da ake yi a irin waɗannan wurare, da yawansu kyauta ne. Jirgin ƙasa na Red Line yana ɗaukarka daga Agege ya sauke ka Yaba, don haka uzurin go-sulo ya ragu. Abin da ke damuna shi ne in shiga zaure cike da matasa, in duba gabas da yamma ban ga hula ko ɗaya ba.

Ba an ce gwamnati ta haramta ba?

Labarinka ya tsufa. A ranar 5 ga Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kirifto, abin da ya kora mutane zuwa cinikin hannu da hannu da ake kira P2P. A Oktoban shekarar aka ƙaddamar da eNaira. A Mayun 2023, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana minista, majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan bulokcen, a Disamba kuma Babban Bankin ya janye takunkuminsa. Sai rikicin kasuwar kirifto ta Binance a Fabrairun 2024, aka tsare jami'anta biyu, ta daina hulɗa da naira a watan Maris. A Agustan 2024 hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannayen jari, ta ba kamfanonin Busha da Quidax amincewar farko, a Maris 2025 kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da ta shigar da kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar. Ga mai neman aiki, ma'anar wannan ita ce ka tambayi kamfani matsayinsa a wajen SEC kafin ka karɓi takardarsa.

Malam, halal ne ko haram?

Ni ba mai fatawa ba ne, kuma malamai sun saɓa. Muftin Masar na lokacin, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin a farkon 2018, majalisar malaman Indonesiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, yayin da majalisar shari'a ta hukumar hannayen jarin Malesiya ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. In za ka je wurin malaminka, kada ka ce masa "kirifto" kawai. Ka faɗa masa ainihin aikin: albashin fassara ne, ko ba da rance da ruwa, ko cinikin hasashe da bashi wanda ya yi kama da caca? Amsar takan bi bayanin.

Na ga talla ana neman ma'aikata, albashi mai tsoka, ba a bukatar gogewa. In je?

Tsaya ka ji. A Disamban 2024 EFCC ta kai samame wani bene mai hawa bakwai a Victoria Island ta kama mutum 792, cikinsu 'yan ƙasar Sin 148. Hukumar ta ce matasan Najeriya aka ɗauka aiki, aka ba su kwamfuta su riƙa yaudarar Turawa da soyayyar ƙarya da jarin kirifto na bogi. In aikin ya ƙunshi yin hira da baƙo da sunan da ba naka ba, wannan ba aiki ba ne, hanyar kurkuku ce.

Haka wanda za a ce ka kawo mutane a ba ka kaso. MMM ta rufe a Disamban 2016, CBEX ta rufe a Afrilun 2025, salon bai canza ba. Sabuwar doka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga masu irin wannan, kuma a unguwa kai da ka yi tallar za a riƙe, ba mai manhajar ba. Kada ka ba kowa hayar asusun bankinka don P2P. In kuɗin sata ya bi ta ciki, naka za a rufe. Masu koyon manhaja kuma su kula da intabiyun bogi, inda za a turo maka fayil a ce ka gwada, ashe ƙwayar cuta ce mai kwashe walet. Kalmomin sirrin nan 12 ko 24 da ke buɗe walet ɗinka kuwa babu ma'aikacin gaskiya da zai taɓa tambayarka su.

Ni mace ce, ina Idi-Araba da yara biyu. Akwai wurina?

Akwai, 'yar'uwa. Amsa koke, fassara, kula da zaure, zane da rubuta manhaja duk ana yin su daga ɗaki. Abin da za ki tanada shi ne wuta da intanet da ba sa yankewa, sai ki tambayi lokutan aiki tun farko, domin kamfanin da ke Amurka ranarsa darenki ce.

In sun ce da tokin ɗinsu za su biya ni fa?

Ka nemi a biya ka da naira ko USDT, tokin ya zama ƙari. Ka nemi takardar yarjejeniya mai sunan kamfani, da ranar biya. Kuma ka sani kasuwar nan tana da kaka tana da rani. Bitcoin ya kusa dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya dawo wajen 16,000. A Nuwamban 2022 ɗin ne kasuwar kirifto ta FTX ta ruguje, kamfanin Nestcoin na 'yan Najeriya, wanda ya ajiye kuɗin gudanarwarsa a can, ya sallami ma'aikata. Shi ya sa na ce ka fara da JavaScript, ko SQL, ko aikin tantancewa: in ranin ya zo, bankuna da kamfanonin biyan kuɗi irin su Paystack da Moniepoint suna ɗaukar masu wannan hannun. Albashin kuma in ya shigo ka cire na haya da na cefane ka mayar naira a ranar, kada ka bar shi kwance a kasuwar wani.