Toshewar Magudanar Hawaye

Toshewar magudanar hawaye larura ce da ke hana hawaye sauka daga ido zuwa cikin hanci, sai ido ya riƙa zubar da ruwa ko ba kuka ake yi ba. Ana samun ta ga jarirai da manya, amma sanadinta da maganinta sun bambanta.

Hawaye na fitowa ne daga wani ƙullutu da ke saman ido ta gefen kunne. Idan sun wanke ƙwayar ido, sai su shige ta wasu ƙananan ramuka biyu a bakin fatar ido, ɗaya sama ɗaya ƙasa, dab da karan hanci. Daga nan su taru a wata 'yar jaka, su bi siririyar hanya cikin ƙashi su faɗa hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina.

Ga jarirai

Kimanin jarirai 6 cikin 100 ake haifa da wannan toshewa. Yawanci wata tantani ce a ƙarshen hanyar ba ta huje ba kafin haihuwa. Ba a cika lura ba sai bayan mako 2 ko 3, don sabon jariri bai fara yin hawaye sosai ba. Uwa za ta ga ido ɗaya, wani lokaci duka biyu, kullum jiƙe, kwantsa ta manne gashin ido da safe, alhali farin idon bai yi ja ba.

Kusan 90 cikin 100 suna warkewa da kansu kafin shekara ɗaya, saboda haka haƙuri shi ne babban magani a nan. Ana goge kwantsar da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, sannan uwa ta wanke hannu ta danna gefen hanci da yatsa tana jan shi ƙasa, sau da yawa a rana. Likita Crigler ne ya bayyana wannan tausa a 1923. Idan yaro ya haura shekara bai warke ba, likitan ido kan zura siririn ƙarfe ya huda tantanin.

Hatsarin yana wajen ɗaukar wata cutar a matsayin wannan. Jaririn da fatar idonsa ta kumbura tana fitar da mugunya mai yawa a kwanakin farko na iya makancewa cikin ɗan lokaci. Haka wanda ke gudun haske, baƙin idonsa ya yi girma ko ya yi hazo: alamar hawan jinin ido ce ta haihuwa. Duka biyun na asibiti ne a ranar. Ɗiga nono ko sa kwalli ba ya buɗe magudanar, kuma an sha samun dalma a kwalli.

Ga manya

Ta manya ta fi kama mata, musamman waɗanda suka manyanta. Hanyar kan tsuke saboda tsufa ko daɗaɗɗen kumburi, ko bayan karayar ƙashin fuska a hatsarin mota, ko ƙari a hanci. Hawayen da suka kwanta a jakar kan jawo ƙwayoyin cuta, gefen hanci ya kumbura ya yi ja yana zogi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana kwantar da kumburin, amma toshewar tana nan.

Likita kan gane ta da ɗiga wani launi a ido ya ga ko zai ɓace cikin minti 5, ko ya tura ruwan gishiri ta ramin ya ji ko ya kai maƙogwaro. Idan toshewar ta tabbata, aikin tiyata ake yi a buɗe sabuwar ƙofa daga jakar kai tsaye zuwa hanci. Addeo Toti, likita ɗan Italiya, shi ya bayyana aikin ta wajen fata a 1904. Yanzu ana yin sa kuma ta cikin hanci da na'ura mai kyamara, ba tabo. A yankunan da amosanin ido ya yi yawa, sai an fara dubawa ko gashin ido ne ya juya yana sukar ƙwayar, don shi ma yana sa zubar hawaye.