CorelDRAW Graphics Suite X3

CorelDRAW Graphics Suite X3 tarin manhajojin zane ne na kwamfuta da kamfanin Corel, mai hedikwata a Ottawa ta ƙasar Kanada, ya fitar a farkon shekarar 2006. Shi ne fitowa ta 13 a jerin da aka soma a 1989. Harafin X yana nufin 10 a lissafin Romawa, da aka haɗa da 3 sai ya zama 13. An daɗe ana amfani da shi a shagunan buga takardu, inda ake haɗa katin gayyatar biki, kalanda da fastar 'yan takara.

Ginshiƙin tarin shi ne CorelDRAW kansa, wanda ke gina zane da layuka da lanƙwasa bisa lissafi. Wannan ne ya sa tambarin da aka zana don katin shaida za a iya faɗaɗa shi ya cika allon talla ba tare da ya dushe ba. Tare da shi akwai Corel PHOTO-PAINT na gyaran hotuna, Corel CAPTURE na ɗaukar abin da ke kan fuskar kwamfuta, da Bitstream Font Navigator na tsara salon haruffa. An kuma cire Corel R.A.V.E., manhajar zane mai motsi da ke cikin fitowa ta 12.

Abin da ya fi fito da sunan X3 shi ne PowerTRACE. A da, mai son mayar da hoton tambari zanen layi sai ya buɗe wata manhaja daban, ya gama, sannan ya dawo da sakamakon. X3 ya shigo da aikin cikin CorelDRAW, har mutum yana ganin yadda zanen zai fito kafin ya amince, yana kuma iya rage yawan launuka. Ga wanda kwastoma ya kawo wa tsohon hatimin makaranta a kan takarda, wannan sauƙi ne babba, ko da yake hoton da ya dushe yakan fito da gefuna a karkace, sai an bi da hannu. Akwai kuma Smart Fill, wanda ke zuba launi a duk gurbin da layuka suka kewaye ya mai da shi siffa mai zaman kanta, da Cutout Lab na yanke mutum daga bayan hoto.

Ba ya cin ƙarfin kwamfuta. An yi shi ne don Windows 2000 da XP, kuma yana tashi da megabayit 256 na ma'adanar aiki (RAM). Tabbas wannan rashin nauyi na cikin abin da ya sa ya daɗe a hannun masu tsofaffin kwamfutoci.

Gazawarsa kuwa ta fi bayyana a manyan ayyuka. Manhaja ce ta tsarin bit 32, don haka ko an ƙara wa kwamfuta ma'adana, akwai iyakar abin da zai iya amfani da shi, kuma fayil mai hotuna da yawa kan sa shi jan ƙafa ko ya rufe kansa. Tsarin bit 64 bai zo ba sai a X6, a 2012. Batun launi ma ya sha jawo ƙorafi: abin da aka gani a fuskar kwamfuta kan bambanta da abin da inji ya buga, musamman idan an zana da RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, alhali injin yana aiki da CMYK, tsarin launin tawada. Sai a X5, a 2010, aka sake gina tsarin kula da launi. Ba shi da abin yin jadawali, wanda ya zo a X4 a 2008, saboda haka mai haɗa rasit sai ya haɗa jadawalin da layuka da akwatuna. Masu kwamfutar Mac kuwa ba su samu ba sam, domin bayan fitowa ta 11 CorelDRAW bai koma can ba sai 2019.

Fayil ɗin CDR, wato tsarin da CorelDRAW ke adana aiki da shi, idan an adana shi da sabuwar fitowa, ba ya buɗuwa a X3. Dole wanda ya yi aikin ya sake adana shi a tsohon tsari, kuma a nan wasu ƙawace-ƙawace kan canza kama.

Ga mai rubutun Hausa akwai wata matsalar. Yawancin salon haruffan ado ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito a ɗan akwati ko a wani salon daban. Wasu masu zane kan ɗora ƙugiyar da hannu, wasu su rubuta b, d da k kawai, abin da ke mai da ƙasa ta koma kasa. Kafin a kai aiki wurin buga, al'adar masu sana'ar ita ce su danna Ctrl+Q su mai da rubutun zane, don kada haruffa su sauya a wata kwamfutar. Daga nan kuma ba a iya gyara kuskuren rubutu sai an sake rubuta kalmar.