Waiwaye: Gidan Walta, inda masu gudun duniya suka tare a Holan

Idan ka je ƙauyen Wieuwerd da ke lardin Friesland a arewacin Holan, ba abin da za ka gani sai shanu da ciyawa da wata 'yar tsohuwar coci a kan tudu. Katafaren gidan gonar da ake ce wa Walta State kuwa tuni an rushe shi, tun ƙarni na 18. Amma fa a gidan nan ne wasu Kiristoci suka taɓa tarewa wai sun bar duniya da ƙazantarta.

Asalin maganar daga wani Bafaranshe ne, Jean de Labadie, an haife shi a 1610. Da fari fada ne na Katolika, a 1650 ya koma Furotestan, can ma bai zauna lafiya ba don gani yake coci ta cika da masu addinin baka, shi kuwa so yake a ware tsarkaka zalla. A 1669 aka tuɓe shi daga limancin cocinsa a Middelburg da ke Holan, ya ja mabiyansa suka yi ta yawo, Amsterdam, Herford a Jamus, sannan Altona inda ya mutu a 1674. Shekara na zagayowa mabiyan suka dawo Holan ƙarƙashin almajirinsa Pierre Yvon, kuma abin da ya ba su masauki shi ne akwai wasu mata uku 'yan gida ɗaya a cikinsu, 'yan zuri'ar Van Aerssen van Sommelsdijck masu hannu da shuni, gidan Walta na danginsu ne.

Zaman ba wasa. Duk wanda ya shigo sai ya miƙa dukiyarsa a zuba asusu ɗaya, tufafi marasa ado, abinci ba marmari, kowa da aikinsa, noma ne, saƙa ce, buga littattafai ne, har suka kai ɗaruruwa. Kuma ba jahilai ba ne fa. Anna Maria van Schurman na cikinsu, matar da a 1636 aka bari ta saurari darasi a jami'ar Utrecht amma a bayan labule don kada ɗalibai maza su gan ta, ta iya harsuna fiye da goma har da Larabci da Ibrananci, duk ta ajiye wannan suna ta bi Labadie, a Wieuwerd ta rasu a 1678. William Penn, Baturen Ingila da daga baya ya kafa Pennsylvania a Amurka, ya ziyarce su a 1677.

Wadda labarinta ya fi tsaya min a rai ita ce Maria Sibylla Merian, mai zanen ƙwari da furanni. A 1685 ta baro Jamus da mahaifiyarta da 'ya'yanta mata biyu ta shiga gidan, mijinta ya biyo sawu don ya mayar da ita, aka ƙi, domin a wurinsu aure da wanda ba ɗan ƙungiya ba bai ɗaure kowa ba, bawan Allah haka ya juya shi kaɗai. A gidan ne ta ga malam-buɗe-littafin da aka kawo daga Suriname, wata ƙasa a Kudancin Amurka da Holan ke mulka a lokacin, ga shi kuwa a 1699 ita da kanta ta hau jirgin ruwa zuwa can.

To me ya haɗa masu gudun duniya da Suriname? Ɗan'uwan matan nan uku, Cornelis van Aerssen, shi ne ya zama gwamnan wurin a 1683, sai ƙungiyar ta tura mutanenta suka buɗe gona mai suna La Providence, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka sha wahalar aikin. A nan ne gaskiya tsarkin nasu ya daina burge ni. Gonar ba ta yi albarka ba, cuta ta ci 'yan ƙungiyar, gwamnan ma sojojinsa suka yi masa bore suka kashe shi a 1688. A gida kuma asusu ya gaza ciyar da jama'a, aka soke tarayyar dukiya, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, zuwa 1732 zance ya ƙare.

Yanzu abin da ke kawo baƙi ƙauyen wani abu ne daban. A 1765 kafintoci na aiki a cocin suka ci karo da gawarwaki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sun bushe ƙamas ba su ruɓe ba, huɗu na nan har yau a akwatuna masu murfin gilashi, kuma da an zo kallonsu sai an tayar da zancen mabiyan Labadie, don wasu na zaton ko gawarwakinsu ne. Har matattun tsuntsaye aka rataya a ɗakin don a gwada, su ma suka bushe.