Mene ne ƙyamar Yahudawa, kuma me ya sa ta rikita jami'o'in Amurka?

Ƙyamar Yahudawa ita ce a tsani mutum, a tsangwame shi ko a tauye masa haƙƙi don kawai shi Bayahude ne. Tsohuwar cuta ce a Turai, ita ta kai ga hallaka Yahudawa miliyan 6 a zamanin Hitler.

A jami'a takan zo ne a ƙananan abubuwa masu ci a rai. Ɗalibi ya tashi da safe ya tarar an zana tambarin 'yan Nazi a ƙofar ɗakinsa. Wani ya cire 'yar hular addininsa ya cusa a aljihu kafin ya shiga aji. A jami'ar UCLA a 2024, masu zanga-zangar adawa da yaƙin Gaza sun tare wa wasu ɗalibai Yahudawa hanya a cikin harabar makaranta, har sai da alƙalin kotun tarayya ya umarci jami'ar kada ta sake bari a yi haka.

Inda gizo ke saƙa shi ne iyaka tsakanin wannan ƙyama da sukar gwamnatin Isra'ila. Ma'anar ƙyamar Yahudawa da IHRA, ƙungiyar ƙasashe ta tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, ta amince da ita a 2016 ta kawo misalai 11, kuma 7 daga ciki sun shafi Isra'ila. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta ta, shi da kansa ya yi gargaɗin kada a mayar da ita takunkumin rufe bakin ɗalibai. A 2021 wasu masana kusan 200 suka fitar da Sanarwar Kudus, wadda ta ce sukar Isra'ila ita kaɗai ba ƙyamar Yahudawa ba ce.

A ganina, wanda ya fito yana kuka kan jinin da ake zubarwa a Gaza bai yi laifi ba, kuma akwai Yahudawa da yawa cikin masu zanga-zangar. Laifin yana farawa ne idan aka yi wa Yahudawa kuɗin goro, aka ɗora wa yaro ɗan shekara 19 alhakin aikin Netanyahu. Ɗalibai Musulmi a Amurka sun ɗanɗana irin wannan bayan harin 11 ga Satumba 2001.

Bayan zaman majalisar wakilan Amurka na 5 ga Disamba 2023, inda aka yi musu tambayoyi kan ƙyamar Yahudawa a makarantunsu, shugabannin jami'o'in Pennsylvania da Harvard sun yi murabus. A Yulin 2025 jami'ar Columbia ta rungumi ma'anar IHRA, ta kuma amince ta biya gwamnatin Trump dala miliyan 200 domin a dawo mata da kuɗin bincike da aka riƙe bisa zargin ta gaza kare ɗalibanta Yahudawa.