Me ke sa mai mota ya bar ta a gida?

Akwai birnin da ya iya rage motoci da gaske?

Akwai. Stockholm, babban birnin Suwidin, ta gwada karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari daga Janairu zuwa Yulin 2006. Ba shingen da ake tsayar da kowa: kyamara ce a kowace mashiga take ɗaukar lambar mota, a caji mai ita, kuma kuɗin ya fi yawa da safe da yamma lokacin da titi ke cika. Motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Da aka dakatar da gwajin, cunkoso ya dawo. Mutanen birnin, waɗanda da yawansu suka ƙi tsarin da farko, suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama, ya tabbata a 2007. Landan ta riga su, tun 2003, da fam 5 a rana.

Me zai hana a ce wasu motoci su huta a wasu ranaku?

An gwada a Legas a shekarun 1970: aka raba motoci gida biyu bisa lambarsu, kowane rukuni da ranakun fitarsa. Mai hali ya sayo mota ta biyu da lambar ɗaya rukunin, shi ke nan. Haka aka yi a birnin Meziko daga 1989, kuma motar ta biyun takan zama tsohuwa mai hayaƙi.

Idan bas ta zama kyauta fa?

Tallinn ta ƙasar Estoniya ta yi wa mazaunanta haka a 2013. Fasinjoji sun ƙaru, amma da yawa daga cikinsu masu tafiya a ƙasa ne dama. Mai mota ba kuɗin bas ne damuwarsa ba, jira a tasha ne da rashin sanin lokacin da zai isa.

Ba talaka ne zai sha wahalar kuɗin shiga tsakiyar gari ba?

Zai sha, in an sa shi ba tare da an ba shi abin hawa ba, kuma a ganina wannan zalunci ne. Stockholm ta ƙaro bas-bas tun watanni kafin ta fara caji. A Landan kuwa doka ta tilasta a zuba ribar kuɗin a harkar sufurin birnin, kuma mafi yawansa ga bas ya tafi.