Ma'anar "haɗi" a sana'ar jar giyar inabi

Haɗi, wanda Faransawa ke kira assemblage, shi ne a gauraya ruwan inabi iri biyu ko fiye domin a fitar da giya guda. Galibi kowane iri ana tsinke shi dabam, a murƙushe shi, a bar shi ya tsima a mazubinsa, sa'annan mai haɗin ya ɗanɗana kowanne, ya yanke kason da zai shiga kwalba. Shan giya haramun ne ga Musulmi, amma kalmar tana yawan fitowa a labaran noma da cinikin ƙasashen Turai, don haka sanin abin da take nufi yana da amfani.

Mai jin kalmar a karon farko zai iya ɗauka algus ne, wato an sirka mai kyau da maras kyau don a ci riba. A wannan sana'a ba haka abin yake ba, domin yawancin giya mafi tsada da ake yi a yankin Bordo, kudu maso yammacin Faransa, haɗi ne. Dalili na farko ɗanɗano ne. Inabin Cabernet Sauvignon ƙanana ne masu kaurin fata, kuma daga fatar da ƙwayar ciki ake samun bauri irin wanda ɗanyen goro yake bari a harshe. Merlot kuwa yana da taushi da cika baki, sai ya kwantar da wannan bauri, a ɗan ƙara Cabernet Franc ko Petit Verdot saboda ƙamshi da launi.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, dabarar manomi ce. Bordo yana daf da tekun Atilantika, kuma ruwan sama yakan sauka a tsakiyar girbi. Merlot yana riga Cabernet Sauvignon nuna, saboda haka idan ruwan ƙarshen kaka ya ɓata wanda ya yi jinkiri, an riga an kwashe wanda ya nuna da wuri, shekara ba ta tafi a banza ba. Ƙasa ma tana da ta cewa: a cikin yankin na Bordo, tsakuwar Médoc mai riƙe zafi ta fi karɓar Cabernet Sauvignon, yumɓun wajen Saint-Émilion da Pomerol ya fi dacewa da Merlot. Tsananin sanyin 1956 ya kashe kuringar inabi masu yawa a yankin, kuma da aka zo sake dashe, manoma da dama suka rage Malbec suka ƙara Merlot.

Tsada ko araha ba daga haɗin take fitowa ba, daga sunan wurin da aka noma inabin take. A 1855 sarki Napoleon na Uku ya sa aka jera manyan gidajen giya na Bordo bisa daraja domin bajekolin Paris, kuma har yau sunan da ke cikin wannan jeri yana ɗaga farashin gona da na kwalba. Shi ya sa masu neman haɗi mai inganci a farashi mai sauƙi suke duba yankunan da ke noma inabi iri ɗaya da na mashahuran wurare amma ba su da suna irin nasu. A kudancin kwarin kogin Rhône na Faransa, haɗin da aka saba shi ne Grenache da Syrah da Mourvèdre. Garin Châteauneuf-du-Pape, wanda ya shiga sahun farko na yankunan da doka ta kare sunansu a 1936, yana sayarwa da tsada, alhali ƙauyukan da ke kewaye da shi, masu amfani da sunan Côtes du Rhône tun 1937, suna noma waɗannan ire-iren ƙarƙashin rana ɗaya da busasshiyar iskar mistral ɗaya, suna kuma sayarwa ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Haka lamarin yake a yankin Languedoc, can yamma da Rhône.

Kwarin Douro na ƙasar Fotugal, wanda aka shata iyakarsa tun 1756, yana da nasa salon. A tsofaffin gonakinsa an dasa ire-ire da yawa a cakuɗe, irin su Touriga Nacional da Touriga Franca da Tinta Roriz, ana tsinke su tare a matse tare, wato haɗin ya faru tun a gona. Gonakin hawa-hawa ne a jikin duwatsu masu gangara, aikin kuma kusan duk da hannu ne, shi ya sa arahar giyar wurin take da ciwo: manoman yankin sun daɗe suna kukan cewa kuɗin da ake sayen inabinsu bai biyan wahalarsu. A Afirka ta Kudu kuma akwai haɗin da ake yi da Pinotage, irin da masanin inabi Abraham Perold ya samar a 1925.

Ko kwalbar da aka rubuta mata sunan inabi ɗaya ba lallai ta kasance zallarsa ba. Dokar Tarayyar Turai ta yarda a sa sunan iri guda idan ya kai kashi 85 cikin ɗari na abin da ke ciki, ta Amurka kuwa kashi 75 ta nema, sauran ana iya cike shi da wani iri ba tare da an ambata ba.